Ƙanena ba daƙiƙi ba ne

Ƙanena yana rikita b da d in yana karatu. Kafin ya gama kwafe allo, mushe ya goge. A siziyam ya kasa kai 10 bisa 20, ya maimaita aji, ƙarshe aka kore shi. Gida da lakwal, sunansa daƙiƙi. Yau shi ke gyaran salula a Damagaram.

Irinsa sun cika CEG ɗinmu, a bencin baya, shiru. Bulala ba ta maganin wannan. A zaunar da su gaba, a ƙara musu lokacin rubutu, a yi musu bayani da Hausa in Faransanci ya cije.

Mu kuma masu digiri, kowace fada ta ɗauki yara biyu, awa ɗaya bayan la'asar. Shayin zai jira.