Ƙurar Hunturu Da Kwamfutar Ɗalibi

Abin takaici ne a ce ɗalibi ya taso tun daga Doguwa har kasuwar Farm Centre a Kano don kawai ramin iyafis na kwamfutarsa ya daina ba da sauti. Sau da yawa ƙurar hunturu ce ke toshe ramin nan mai faɗin milimita 3.5.

Kafin a kashe kuɗin mota, ya kamata a gwada wani iyafis, a duba ko an rufe sautin, sannan a kashe kwamfutar a share ramin da busasshen buroshi. Amma maganin dindindin shi ne ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa su koya wa samarinsu wannan sana'a, domin ƙaramin gyara ya ƙare a gida.