SHARHI: Yu In-chon, ɗan wasan da ya hau kujerar minista sau biyu a Koriya ta Kudu

A ƙarshen Yulin 2025 ne Yu In-chon ya sauka daga kujerar Ministan Al'adu, Wasanni da Yawon Buɗe Ido na Koriya ta Kudu, bayan sabon Shugaba Lee Jae-myung ya naɗa Chae Hwi-young a gurbinsa. Sau biyu ya riƙe ma'aikatar: daga Fabrairun 2008 zuwa Janairun 2011, sannan daga Oktoban 2023 zuwa saukarsa. Farin jini da kusanci da shugabanni ne suka kai shi ofis, amma yadda ya yi da hukumomin da ke ƙarƙashinsa shi ne ma'aunin da ake auna shi da shi a yau.

An haifi Yu a 1951, ya karanci wasan kwaikwayo a Jami'ar Chung-Ang da ke Seoul, inda daga baya ya zama malami. Sunansa ya shiga kowane gida ne ta shirin Jeonwon Ilgi na tashar MBC, labarin rayuwar karkara da aka haska daga 1980 zuwa 2002 a kashi 1,088. A ciki ya fito a matsayin ɗa na biyu ga dattijon ƙauye, manomi mai riƙe da gonar gida. Ya kuma yi fice a dandali, musamman a wasan Hamlet, har ya kafa ƙungiyar wasansa a 1995.

Ƙofar siyasa ta buɗe masa ne daga wani shirin tashar KBS na 1990, inda ya taka rawar da aka gina a kan rayuwar Lee Myung-bak, shugaban kamfanin gine-gine na Hyundai a lokacin. Daga nan zumunci ya ƙullu. Da Lee ya zama magajin garin Seoul, Yu ya zama shugaban farko na gidauniyar al'adu ta birnin a 2004. Da Lee ya zama shugaban ƙasa a 2008, ya ba shi minista.

Makonni kaɗan da shiga ofis, Yu ya bayyana cewa ya dace shugabannin hukumomin al'adu da gwamnatin Roh Moo-hyun ta naɗa su sauka da kansu, duk da cewa wa'adinsu bai cika ba. Kafin shekarar ta ƙare an sallami Kim Yoon-soo, daraktan gidan adana zane-zanen zamani na ƙasa, da Kim Jung-heon, shugaban Majalisar Fasaha ta Koriya. Dukkansu sun garzaya kotu, kuma sun yi nasara. A farkon 2010 Kim Jung-heon ya koma ofis da umarnin kotu alhali magajinsa na kan kujera, hukuma ɗaya ta wayi gari da shugabanni biyu. Duk ma'aikacin gwamnati ya san abin da hakan ke jawowa: takarda ta tsaya a tebur, domin ba a san sa hannun wa za a bi ba.

A Oktoban 2008 kuma kyamara ta kama shi yana yi wa masu ɗaukar hoto kakkausan lafazi a zauren majalisa, abin da ya sa ya nemi gafara. Zargi mafi nauyi ya taso a 2017, lokacin da aka bankaɗo cewa hukumar leƙen asirin ƙasar ta tsara jerin sunayen masu fasaha 82 da gwamnatin Lee ke kallo a matsayin 'yan adawa. Yu ya musanta hannu a ciki, kuma ya maimaita hakan a zaman tantance shi a 2023.

Zuwansa na biyu, ƙarƙashin Shugaba Yoon Suk Yeol, ya fi karkata ga wasanni. Bayan An Se-young ta ci zinare a badminton a gasar Olympics ta 2024, ta soki yadda ƙungiyar wasan ta kula da rauninta, sai ma'aikatar ta buɗe bincike. Ta kuma binciki yadda hukumar ƙwallon ƙafa ta ɗauki Hong Myung-bo a matsayin koci, ta nemi a ladabtar da shugabanta Chung Mong-gyu. Wannan karon jama'a da dama sun mara wa ministan baya. Duk da haka kotu ta dakatar da matakin, kuma aka sake zaɓen Chung a Fabrairun 2025. Kafin nan, dokar soja da Yoon ya ayyana a ranar 3 ga Disamba, 2024 ta riga ta karya ƙarfin gwamnatin, kuma tsige shi a Afrilun 2025 ya gajarta wa'adin ministocinsa.

Labarin bai yi nisa da Abuja ba. A zamanin Yu na farko ne, a 2010, aka buɗe Cibiyar Al'adun Koriya a birnin, ta farko a Afirka. Najeriya ma ta fara damƙa hukumomin al'adu a hannun 'yan wasa, kamar naɗin Ali Nuhu a shugabancin Hukumar Fina-finai ta Ƙasa a Janairun 2024. Hujjar irin wannan naɗi a fili take: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai sanin sana'a bai wadatar ba idan babu sanin dokar aiki, domin wa'adin shugaban hukuma da ƙa'idar sallama ba sa sauyawa don sabon minista ya zo da farin jini. Aikin manyan sakatarori da hadimai ne su faɗa wa mai gidansu haka tun kafin ya sa hannu. A Seoul, alƙalai ne suka faɗa wa Yu, bayan takardun sallama sun riga sun fita.