Raddi ga mai cewa babu jimla sai da aikatau

Makon jiya 'yata ta dawo daga makaranta da littafinta na Hausa, an zagaye mata layi biyu da jan biro. Ta rubuta "Akwai ruwa a randa" da "Yau Juma'a", sai aka rubuta a gefe: ba jimla ba ce. Na karɓi takardar darasin da malaminsu ya raba, na karanta ta sau biyu. Malam mutum ne mai himma, kuma ba don in rage masa daraja nake wannan rubutu ba. Amma tubalin da ya aza darasin a kai ya karkace, ga shi aji guda na haddace shi.

Malam ya ce jimla ita ce yankin suna da yankin aikatau, abin da ya rasa aikatau kuwa guntun magana ne. Rabin farko na amince da shi, don jimloli da yawa haka suke: "Audu ya sayi doya." Rabin na biyu ne ban yarda ba. Mai shago ya ce maka "Babu canji", me kake jira ya ƙara? Uwa ta miƙa kwano ta ce "Ga tuwo", magana ta cika. Hatta abin da Malam ya rubuta da jan biro, "ba jimla ba ce", cikakkiyar jimla ce, kuma babu aikatau a cikinta. Dokar nan daga nahawun Ingilishi aka ɗebo ta, inda jimla ba ta tsayuwa sai da aikatau. Wanda ya karanta Ajurumiyya a zaure ya san Larabci na da jimlar mubtada'i da habari, wadda ba ta bukatar fi'ili. Hausa ma tana da nata tsarin.

Da alama Malam ya hango wannan, shi ya sa a sakin layi na gaba ya ce "ne" da "ce" aikatau ne, don ya ceci irin su "Audu malami ne". To, mu gwada su. Aikatau na Hausa yana tafiya da zaginsa a gaba: ya tafi, ta tafi, za su tafi. Wa ya taɓa jin Bahaushe ya ce "Audu ya ne malami"? Korewarsu ma daban take. Muna cewa "Audu bai tafi ba", amma "Audu ba malami ba ne". Sannan aikatau bai damu da jinsi ba, "tafi" ɗaya ce ga namiji da mace, alhali "ne" na bin namiji da jam'i, "ce" na bin mace. Karin sautinsu kuma kishiyar na gaɓar da ta gabace su ne. Lokaci ma ba sa ɗauka. In ana nufin da, sai a ce "Da Audu malami ne". In gaba ake nufi, sai a nemo aikatau na gaske a ce "zai zama malami". A Sakkwato "na" da "ta" ake ji a wannan gurbi. Masana sun ba su suna nasu, dirka, kuma Paul Newman a babban nahawunsa na 2000 bai lissafa su cikin aikatau ba.

Batun "ya" cikin "Audu ya tafi", da Malam ya kira maimaicin aikau, gajere ne. A cire shi a gani. "Audu, tafi" umarni ne, labarin ya ɓace. Zagin ne ke ɗauke da lokaci da jinsi da adadi.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarshen takardar, inda aka ce Hausa ba ta da tsayayyen jerin kalmomi, hujja kuwa wai ana cewa "Sun sayi doya", ana kuma cewa "Doya suka saya". Malam, dubi misalinka da kyau. Da doya ta koma gaba, "sun" ta zama "suka", "sayi" ta zama "saya". Abu biyu suka sauya don kalma ɗaya ta bar gurbinta, kuma ma'ana ta ƙaru: doya, ba dankali ba. Sauyin "saya", "saye ta", "sayi doya" shi ne halin giredi na biyu cikin rabon aikatau gida bakwai da F. W. Parsons ya yi a 1960. Wasalin ƙarshe yana duba abin da ke biye da shi: suna ne, wakilin suna ne, ko babu komai. Harshen da aikatau ɗinsa ke sauya baki saboda karɓau ya gusa, ai ba a ce jerinsa sake yake ba. In da sake yake, da "Kare ya ciji yaro" da "Yaro ya ciji kare" labari ɗaya ne.

Yarinyar da ke ce wa kakarta "Akwai ruwa a randa" kullum safiya ta san jimla ce tun kafin ta riƙe fensir. Roƙona ga Malam shi ne ya raba darasin gida biyu, jimla mai aikatau da marar aikatau, ya kuma mayar wa yaran makin layukan da ya zagaye.