Tsohuwar da ke cikin wayar ƙanena

Daren Asabar da ta wuce, wajen ƙarfe biyu, ƙanena ɗan shekara goma ya farka da ihu, wai akwai tsohuwa ƙarƙashin gado. Inna ta tashi tana salati, ta yi mishi tofi har ya koma barci. Da gari ya waye Baba ya ƙwace tsohuwar wayar da na bar wa yaron, ya dube ni ya ce: "Kai da ka yi jami'a, kai ne ka kawo mana aljanu cikin gida." Ban yi gardama ba. Ni na sa wasan a wayar, ni kuma na manta ban goge shi ba.

Da yawanku kun riga kun gane tsohuwar. Granny ce. Wani ɗan ƙasar Suwidin da ke amfani da sunan DVloper ya fitar da wasan a 2017, kuma an sauke shi fiye da sau miliyan 100 a Play Store. Nan wurinmu ko forfe ba ya ci, Xender ke yawo da shi daga waya zuwa waya, kuma ana buga shi babu intanet. Ga wanda bai sani ba: kana farkawa cikin wani tsohon gida a kulle, an ba ka kwana biyar ka fita. Ƙofar fita na da kwaɗo, da katako da aka buga, da wayoyin lantarki. Sai ka nemo guduma, da abin yanke waya, da mabuɗai, kuma abu ɗaya kawai hannunka ke ɗauka a lokaci guda. Tsohuwar tana jin komi. Ka yar da abu ƙasa, ta taho da sandarta. Ka ɓuya ƙarƙashin gado ko cikin kabad, ko kuwa ta maka maka, kwana ɗaya ya tafi.

Tun ranar nike tambayar kaina: mi ya sa mu, manya da gemunmu, muke zama a fada bayan isha'i, shayi na tafasa, muna tsorata kanmu da gangan? Ƙasar da ke da abin tsoro na gaske, mi za mu yi da na cikin waya?

Amsar da na samu ita ce, tsoron cikin wasa yana da ƙa'ida. Tsohuwar ba ta karya dokarta. In ta kama ka, ka san dalili: ka taka katako mai ƙara, ko ka yi gaggawa. Gobe ka gyara. Mabuɗin yana cikin gidan, ba a kai shi wani gari ba, kuma ranar da ka haɗa kayan duka, ƙofar za ta buɗe, ba ruwanta da ɗan wane ne kai.

To ku gwada da haɗa dosiye na neman aiki. Takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, kwafin diplom da aka buga wa hatimi, kaziye da bai wuce wata uku ba. Kafin ka samo na ƙarshe, na farko ya tsufa. Ka haɗa duka, ka kai, ka yi ta jira, babu wanda zai ce maka ga inda ka yi kuskure. Wanga ma gida ne a kulle, sai dai ba ka da tabbas ko mabuɗin na ciki. Saurayin da ya yini cikin irin wannan, in dare ya yi ya buɗe Granny, ni ban ga abin mamaki ba. Yana neman wurin da ƙoƙarinshi ke da sakamako.

Akwai wani wasan, Five Nights at Freddy's, wanda Scott Cawthon na Amurka ya fitar a 2014. Kai mai gadi ne daga sha biyun dare zuwa shida na safe, kana duba kamarori, kana rufe ƙofofi, amma kowane motsi na cin wuta, kuma wutar ƙididdigagga ce. In ta ƙare kafin asuba, ka shiga uku. Wani abokina ya buga shi a 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mana lantarki saboda takunkumin CEDEAO. Dariya ya yi ya ce: "Wannan ai ba wasa ba ne, rayuwarmu ce." Batirinshi na kan kashi tara cikin ɗari.

Kuma kar mu yi kamar yau muka fara son tsoro. Wa ya manta da tatsuniyar dare a gindin kaka? Dodo yana nan, yana haɗiye mutane, yarinya ko Gizo kuma ba su fi shi ƙarfi ba, da dabara suke tsira. Darasin guda ne: in ka haɗu da abin da ya fi ka ƙarfi, ka natsu, ka lura, ka san halinshi. Amma akwai bambanci babba, kuma a nan ne Baba ya yi gaskiya. Kaka tana kallon fuskar jikanta. In ta ga ido ya raina fata, sai ta sassauta, ta sako abin dariya, ta rufe da ƙurunƙus, yaro ya kwanta a jikinta. Waya ba ta da wannan imanin. Ƙanena shi kaɗai ya shiga gidan tsohuwar, cikin duhu, da abin sauraro a kunne, babu wanda ya fito da shi.

Saboda haka ban zo in wanke wasannin nan tas ba. Ba a yi su don ɗan shekara goma ba, kuma kowane wasa na da alamar shekaru a Play Store wadda ba mu ko dubawa. Na kyauta ɗin ma ba kyauta ba ne: da ka kunna data sai talla ta shigo, kuma ba kai ke zaɓen abin da za a nuna wa yaro ba. Sannan barci. Wanda ya kai ƙarfe uku yana neman batirin mota a garejin Granny, da safe a lakwal ko wurin aiki gangar jiki kawai ya kai.

Amma ƙwace waya ma ba magani ba ne, don wayar maƙwabta na nan. Mu yayye mu ne muka san abin da ke ciki, iyayenmu ba su sani ba. Nauyin a kanmu yake. Ka duba wayar kafin ka miƙa wa ƙane. In ya riga ya gani, zauna da shi da rana tsaka, ka nuna mishi yadda abin ke aiki. Haka na yi. Granny na da matakin gwaji inda tsohuwar ba ta gida. Muka zaga ɗakunan tare, na ce mishi mutum ne ya zana ta a kwamfuta, kamar yadda shi ke zana mota a bayan littafinshi. Ya ce: "Yaya, ashe ni ma zan iya yin nawa dodon?" Na ce sosai. Bayan nan na goge wasan a gabanshi, sai ya ƙara girma.

Mu kuwa manya, ga abin da nike roƙo. Haƙurin nan da muke da shi a wasa, mu faɗi sau ashirin mu sake tashi, mu haddace kowane lungu, mu gaya wa juna inda mabuɗi yake, mu fito da shi daga waya. Wanda ya san hanyar samun wata takarda ya rubuta ta dalla-dalla ya raba a gurup. Fadar da ke iya haɗa kai ta kuɓuta daga gidan Granny tana iya haɗa kai ta bi kadin fanfon unguwa da ya yi wata biyu a lalace, ta san ofishin da za ta je, da wanda za ta tambaya, da ranar da za ta koma.

Ku faɗa mini, ƴan uwa: wane wasa ne ke cikin wayar da ƙanenku ke riƙe da ita yanzu haka? In ba ku sani ba, ku duba yau kafin magariba.