Wa Zai Koyar da Masu Kula da Haƙoranmu?

'Yan'uwana ɗalibai, da ku ma'aikata matasa, kowace shekara dubban samari da 'yan mata a Jihar Kano sukan zauna jarrabawar shiga jami'a da burin karatun likita, kaɗan ne kuwa ke samun gurbi. Sauran sai su koma gida su yi shekara biyu ko uku suna maimaita jarrabawa, alhali ƙofar kwalejojin kiwon lafiya tana buɗe, amma sun ɗauki shigarta faɗuwa ce. Ni kuwa ina ganin wannan raini yana jawo mana asara babba, kuma babu inda asarar ta fi fitowa fili kamar sha'anin lafiyar baki da haƙori.

Mu ɗauki ƙasar Bici misali, inda ƙauyuka suke daf da juna, gona na haɗe da gona, jama'a kuma cunkus. Manomin Badume ko Ɗanzabuwa, idan ciwon haƙori ya hana shi barci, yakan fara da cusa kanumfari ko ƙwayar kemis a ramin, in abin ya faskara ya nufi wanzami a fizge masa. Hanyar Kano ba ya kama ta sai kumatu ya kumbura, domin kuɗin mota da asarar yinin aiki sun fi ƙarfinsa. Likitocin haƙori kuwa, ɗan abin da muke da shi, galibinsu a birane suke.

Kada wani ya ce ai ciwon haƙori ba ya kisa. Akwai cutar da likitoci ke kira noma, ba noman gona ba, wadda takan fara da gyambon dasashi a bakin yaro mai fama da yunwa, ɗan shekara 2 zuwa 6, cikin 'yan makonni ta cinye masa kumatu da leɓe. Mafi yawan yaran da ba su sami magani ba mutuwa suke yi. Saboda ita aka kafa asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, kuma a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta. Abin takaici, in an gano ta da wuri, wanke baki da maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. Wanda zai gano ta da wuri kuwa shi ne ma'aikacin da ke zaune a asibitin ƙauye.

Ƙasashen da suka riga mu ta wannan ƙaramin tsani suka hau. A Amurka an buɗe makarantar farko ta masu tsabtace haƙori a 1913, kuma har yau da yawansu a kwalejojin al'umma suke karatu, ba a manyan jami'o'i ba. Ƙasar Niyu Zilan ta fara horar da mata masu duba haƙoran 'yan makaranta a 1921. Mu ma nan gida, makarantar ƙera haƙoran roba da aka kafa a Ikko a 1955, aka mai da ita Inugu a 1982, ta girmi sashen likitan haƙori na Jami'ar Ikko, wanda aka buɗe a 1966. Watau da ƙananan ma'aikata aka aza harsashin wannan sana'a.

To, hanyar a fili take. Wanda ya gama sakandare da sakamako mai kyau a darussan kimiyya yana iya shiga kwalejin kiwon lafiya, irin ta Shehu Idris da ke Maƙarfi, ya yi difloma ta shekara biyu, ya ƙara biyu ya sami babbar difloma, ya yi rajista da hukumar da ke kula da sana'ar. Bayan ya goge da aiki, sai ya ƙaro takardar koyarwa ya koma aji. Nan ne giɓin ya fi faɗi, domin ma'aikaci guda gari ɗaya zai riƙe, amma malami guda yana iya yaye waɗanda za su riƙe garuruwa ɗari. Bugu da ƙari, ɗan ƙasa da ya san asuwaki da goro da furen taba shi zai iya koyar da yadda ake yi wa uwa bayani da harshenta har ta gamsu.

Masu ƙorafin cewa ana fifita mai digiri a kan mai babbar difloma wajen matsayi da ƙarin girma suna da gaskiya, kuma gyaran wannan yana wuyanku ku ma'aikata da za ku riƙe ofisoshi gobe. Kamata ya yi jami'o'inmu su riƙa lissafa wa mai difloma shekarun da ya yi, gwamnati kuma ta ɗauki nauyin ƙaro ilmin duk wanda ya yi aikin karkara ya yarda zai koyar. Bici, da ta daɗe tana yaye malamai a Kwalejin Ilmi ta Tarayya, ta cancanci a fara wannan shiri da 'ya'yanta.

Saboda haka idan kun koma hutu, ku faɗa wa ƙannenku da ke zaman jiran gurbi cewa sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya sa mu dace, amin.