Baje Kolin Ƙere-ƙere: Tafi Ake Nema Ko Ilmi?

A shekarar 2006 ne mujallar Make ta shirya wani biki a jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, wanda ta raɗa wa suna Maker Faire, inda duk wanda ya ƙera wani abu da hannunsa zai kawo shi ya baje a gaban jama'a. Al'adar ba ta daɗe ba ta ƙetaro Afirka. An yi irin bikin a Akra a 2009, da Nairobi a 2010, da Alƙahira a 2011, sa'an nan Legas a 2012. Mai ziyara yakan taras da rumfuna iri biyu a irin wannan taro. Akwai ta mutum guda da ya zo da abin al'ajabinsa, akwai kuma ta 'yan zauren ƙere-ƙere, watau ƙungiyar mutanen unguwa ko gari da suka kama ɗaki, suka haɗa kuɗi suka sayi injin walda da zarto da kwamfuta da mitar auna lantarki, kowa yana amfani da su yana kuma koya wa ɗan'uwansa. Ɗaya daga cikin tsofaffin zaurukan nan shi ne c-base na birnin Balin a Jamus, wanda aka kafa a 1995. Abin da wannan maƙala take son tabbatarwa shi ne, rumfa ta biyu ta fi ta farko amfani nesa ba kusa ba, ko da yake ta farko ce take jan 'yan kallo da 'yan jarida.

Bikin Legas ya isa misali. Abin da ya fi yin suna a wurin shi ne wani janareta da waɗansu 'yan mata huɗu 'yan makarantar sakandare suka kawo, wanda aka ce lita ɗaya ta fitsari tana ba shi ikon bayar da wuta har tsawon awa 6. Kafin a ce kwabo labari ya karaɗe duniya. Dabarar ita ce a ratsa fitsarin da lantarki domin iskar haidurojin ta fita, a tace ta, a tara ta a tukunyar gas, sa'an nan janareta ya ƙona ta a maimakon fetur. To, amma raba iskar da fitsari shi kansa wuta yake ci, janareta kuwa yakan zubar da mafi yawan ƙarfin abin da ya ƙona ta hanyar zafi, saboda haka wutar da za ta fito ba za ta kai wadda aka zuba ba. Masana sun faɗi haka tun a lokacin. Wannan ba laifin yaran ba ne ko kaɗan. Yarinyar da ta iya haɗa waɗannan sassa tana 'yar shekara 14 ko 15 ta cancanci yabo. Laifin na manya ne, da suka yi tafi suka watse, aka kuma yaɗa lissafin awa 6 ba tare da an nemi sanin wutar da ta shiga ba. A zauren da yake aikinsa yadda ya kamata, wannan ita ce tambayar farko da za a yi musu, kuma da sun tashi da ilmin da ya fi hotonsu a jarida daraja.

A kwatanta wannan da abin da ya faru a Lome, babban birnin ƙasar Togo. A 2012 wani masanin zanen gine-gine mai suna Sénamé Koffi Agbodjinou ya buɗe zaure a can, ya kira shi WoeLab. Zauren ya sami wata na'ura daga Turai, irin wadda take narka roba ta gina abu da ita hawa-hawa, kamar yadda maginiyar tukwane take ɗora laka zagaye bisa zagaye har tulu ya tashi. Masu ƙirƙiro na'urar ba su ɓoye zanenta ba, sun sake shi ga kowa. Da wannan dama ne ɗaya daga cikin 'yan zauren, Afate Gnikou, ya ƙera tasa a 2013 da sassan matattun kwamfutoci da na'urorin buga takardu waɗanda ya tsinto a bola, sai 'yan kayan da ba makawa aka saya sababbi. Hazaƙarsa ba abin musu ba ce. Amma a lura da abin da ya kewaye ta: ya ga na'urar da idonsa, an bar shi ya binciki cikinta, akwai wutar da zai yi gwaji, akwai abokan da za su ce masa nan ka karkace. Da aka fita da ita wuraren nuni kuwa, tsirara take, kowace waya da kowane noti a fili, mai kallo yana iya tsayawa ya ƙirga sassan ya koma gida ya jarraba.

A ƙasar Hausa ma ba a rasa masu irin wannan hazaƙa ba. A 2007 jaridun duniya suka ɗauki labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota da ɓaraguzan ƙarafa, har ya ɗan ɗaga daga ƙasa. Aka yi ta mamaki, aka yi ta kiran gwamnati ta taimaka. Irin wannan kira ya zama tamkar amshin waƙa, duk lokacin da wani yaro ya fito da motar gwangwani ko jirgin kwali sai a maimaita shi, a kai yaron gaban wani babba a ɗauki hoto, daga nan shiru kake ji. Ba kyautar rana ɗaya irin waɗannan yara suka fi bukata ba. Ɗakin da za su koma gobe da jibi suke bukata, mai kayan aiki da wanda ya fi su sani.

Wani zai ce ai ƙasar da take da Panteka ba ta bukatar a koya mata wannan daga Balin ko Lome. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. A Panteka ta Kaduna ana narka goran ruwa a zuba tukwane, ana ƙera injin niƙa da murhu da akwatin ƙarfe daga abin da 'yan gwangwan suka tattaro, kuma yara da yawa suna koyon sana'a a hannun iyayen gidansu. Sai dai bambanci ɗaya yana nan. Sana'a a al'adar Bahaushe gado ce, kuma tana tafe da asiri. Maƙerin gargajiya ba ya zayyana wa baƙo yadda yake shayar da ƙarfe, maigidan yau ma yakan riƙe wata dabara a ransa har sai yaro ya shekara da shekaru yana yi masa bauta, wani lokaci ma ya mutu da ita. Kuma kada a yi saurin zarginsa da rowa, domin da wannan dabara yake ciyar da iyalinsa, yana kuma tsoron kada ya koya wa wanda gobe zai buɗe rumfa kusa da tasa ya ƙwace masa masu ciniki. Wannan tsoro ne na haƙiƙa, kuma masu zaurukan Turai, waɗanda galibinsu suna da albashi a wani wurin, ba su san zafinsa ba.

Amsar ita ce kishiyar maƙerin yau ba maƙwabcinsa ba ne. Kishiyarsa tana shigowa ne a cikin kwantena daga ƙasar Sin, fentinta yana ƙyalli, farashinta kuwa ƙasa da nasa. Asirin da yake ɓoye wa maƙwabci ba zai kāre shi daga gare ta ba. Abin da zai kāre shi shi ne ingancin aiki, inganci kuwa ba ya samuwa sai an auna, an gwada, an gyara, an kuma haɗa kai an sayi injin da mutum ɗaya ba zai iya saya ba. Labarin Mohammed Bah Abba na Jigawa abin tunawa ne a nan. Randarsa ta cikin randa, wadda ake zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu domin kayan lambu su daɗe ba su lalace ba, ta sami kyautar kamfanin Rolex a shekarar 2000. Ta bazu a ƙauyuka ne saboda babu abin da aka ɓoye a cikinta. Duk maginin da ya gan ta sau ɗaya zai iya yin irinta.

Shi kansa bikin ba abin dogaro ba ne. A 2019 kamfanin da ya ƙirƙiro Maker Faire ya rufe saboda rashin kuɗi, ya sallami ma'aikatansa, sai daga baya aka farfaɗo da shi, alhali kuwa zaurukan da suke rayuwa da karo-karon 'ya'yansu suka ci gaba da buɗe ƙofa. Saboda haka jami'a ko ƙaramar hukumar da take shirin yin baje koli ya kamata ta sake lissafi. Kuɗin da ake kashewa a kan rumfuna da kujerun manyan baƙi da lemo a yini guda zai iya biyan hayar ɗaki, ya sayi injin walda da mita da fanel na hasken rana. In kuwa lalle sai an yi bikin, to a gindaya sharaɗi: duk na'urar da za a nuna a buɗe murfinta, a kafa takarda kusa da ita mai bayyana sassanta da kuɗin kowanne da abin da ba ta iya yi ba tukuna, cikin harshen da yaron maƙeri zai iya karantawa. A kuma ajiye mita a kan teburin alƙalai, a auna kafin a miƙa kofi.