Waƙar Lahadi a Numan da shirun da ke cikin azuzuwanmu

A garin Numan na jihar Adamawa a Najeriya, inda kogin Gongola ke zubawa cikin Binuwai, nan ne cibiyar cocin da ake kira LCCN, wato Cocin Lutheran ta Kristi a Najeriya. Wani likita ɗan ƙasar Danmak mai suna Niels Brønnum ne ya aza tubalinta da ya sauka cikin Bachama a 1913. A 1956 ta tsaya da ƙafafunta, yau mabiyanta sun haura miliyan 2, har babban bishop ɗinta Musa Panti Filibus ya shugabanci Tarayyar Lutheran ta Duniya daga 2017 zuwa 2023. Yawancinmu a nan Nijar ba mu san ta ba, tunda Kiristocin da muka saba da su a Maraɗi, Tsibiri, Galmi da Damagaram galibinsu daga mishan ɗin SIM ne ko kuma Katolika. Amma akwai abin da ya haɗa mu da ita: a majami'unta masu yawa da Hausa ake sujada, da Hausa ake rera waƙa. Kuma a ganina mutanen nan sun riƙe wani sirri na koyarwa wanda mu da ke cin albashi da sunan koyarwa muka bari ya suɓuce mana.

Na san akwai wanda zai ce, malam, me ya kai mu coci? Ba addininsu nake bi ba, kuma ba aƙidarsu na zo tallatawa ba. Aikina horar da waɗanda za su tsaya gaban yara saba'in ko tamanin a aji ɗaya, babu isassun littattafai, wani lokaci ma cikin rumfar zana. Duk inda na ga mutane sun iya shigar da magana cikin kan yaro ta zauna har ya tsufa, ba tare da kashe ko dala ba, dole in tsaya in duba yadda suke yi.

Abin ya samo asali tun daga Martin Luther da kansa a Jamus. Kafin shi, da Latin ake ibada, limamai da mawaƙa na musamman ke rerawa, jama'a na tsaye suna saurare. Shi ya juya Sabon Alkawari zuwa Jamusanci a 1522, a 1524 aka buga littattafan waƙoƙin farko na mabiyansa, a 1526 ya fitar da tsarin sujada cikin harshen jama'a. Ya tsara waƙoƙi sama da 30, kuma wasunsu darasi ne zalla: ya mayar da Dokoki Goma waƙa, ya mayar da Addu'ar Ubangiji waƙa, don manomin da bai iya karatu ba ya haddace. A wannan shekara ta 1524 ɗin ya rubuta wa majalisun biranen Jamus yana matsa musu su buɗe makarantu, na maza da na mata. A 1529 kuma ya rubuta ɗan littafin tambaya da amsa, ya ɗora wa maigida nauyin koyar da shi ga iyalinsa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne wanda aka damƙa wa waƙar. Malamin makaranta ne. A garuruwan Lutheran shugaban mawaƙan coci yana cikin malaman makarantar gari, a ƙauyuka kuwa har cikin ƙarni na 19 sau da yawa mutum ɗaya ne ke koyar da yara ranar Litinin ya ja waƙa ranar Lahadi. Johann Sebastian Bach, wanda Turawa ke ɗauka cikin manyan masu tsara kiɗa na duniya, muƙaminsa a birnin Leipzig daga 1723 har ya rasu a 1750 na malamin makaranta ne. Yaran makarantar Saint Thomas yake horarwa su yi waƙa a coci huɗu na birnin. Takardar aikinsa har darasin Latin ta ɗora masa, sai dai ya riƙa biyan wani daga aljihunsa yana shiga ajin a madadinsa. Ashe ba yau malamai suka fara guje wa darasin da ba su so ba.

Shekarun baya na yi ƴan watanni a Jimeta wajen wani ƙarin karatu, maƙwabtana ƴan wannan coci ne, har na halarci ɗaurin auren ƴarsu da jana'izar wani dattijonsu. Nan na gane cewa waƙar da baƙo ke ji ranar Lahadi girbi ne kawai, noman yana cikin mako. Wata yammar mawaƙa ne ke bita, wata yammar mata, wata matasa, ranar Lahadi da safe kuma ƙananan yara a Makarantar Lahadi. Mai koyarwa ya rera layi, su maimaita, ya raba su murya huɗu da do-re-mi, ya tsayar da su ya gyara, su sake. Babu alli, babu bulala. A cikin sujadar kanta ba mawaƙa kaɗai ke aiki ba. Fasto ya faɗa jama'a su amsa, a yi karatu, a rera, a yi wa'azi, a rera, lokacin baiko ma da waƙa ake fita layi-layi. Yaro ɗan shekara shida da ke gefen uwarsa yana bin Littafin Waƙoƙi da yatsa. Ya riga ya san kalmomin da ka, yanzu yana ganin surarsu a takarda. Duk malamin da ya taɓa koyar da ajin CI ya san wannan ita ce gadar da muke shan wahalar ginawa.

Sai kuma Zumuntar Mata, wadda ba Lutheran kaɗai ke da ita ba, kusan duk cocin arewacin Najeriya akwai ta. Mata ne da anko ɗinsu, da tulun da suke bugawa da tafin hannu, da caki, ɗaya ta ja sauran su amsa. Waƙoƙinsu su suke tsara abinsu, kan tarbiyyar ƴaƴa, zaman aure, haƙuri, mutuwa. Amma ga inda maganar take: waɗannan matan da suka taru don bitar waƙa, su ne za ka gani a gidan mai jego da itace da sabulu, su ne ke kwana a gidan makoki, su ne ke haɗa kuɗi idan ɗan gwauruwa ya rasa na makaranta. Wadda ba ta zo bita ba sau biyu, za a bi ta gida a ji ko lafiya. Waƙar ce rajistar kiran suna. Mutanen da ke haɗa murya duk mako ba sa iya ɓacewa juna.

Akwai wani darasi da sai mai kunnen Hausa zai kama. Tsofaffin waƙoƙin cikin littafin yawancinsu fassara ce, an ɗauko karin Turai an cusa masa kalmomin Hausa. Ita kuwa Hausa tana da hawa da saukar murya, tana da doguwar gaɓa da gajera. Ja wasalin farko na gari, garin da muke zaune ya koma garin tuwo. Sauke murya a ƙarshen kuka, hawaye ya koma bishiya. Karin da aka tsara don Jamusanci ko Ingilishi bai san da wannan ba, shi ya sa wani lokaci sai ka ji Hausar tana ɗingishi, sai ka kalli takarda kafin ka gane abin da ake cewa. Waƙoƙin matan ba su da wannan ciwo, domin karin ya fito ne daga cikin maganar. Idan suka tashi, ko tsohuwar da ke can baya sai ta gyara zama.

Yanzu mu juyo gida. Waƙa tana cikin jadawalin firamare a Nijar, ba wanda ya soke ta. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, me muka mayar da ita? Abin cike gurbi ce idan saura minti goma a tashi, ko abin tarbar baƙo idan sufeto zai zo. Yawancin waɗanda ake rerawar na Faransanci ne da aka gada, yara na ta ɗaga murya kan abin da ba su san ma'anarsa ba. Ɗalibaina malamai, idan na ce wani ya fito ya ja waƙa, sai kowa ya sunkuyar da kai yana dariya. Ba laifinsu ba ne. Muna shafe awoyi muna koya musu yadda ake cike takardar shirin darasi, amma ba mu auna ko mutum zai iya riƙe aji da muryarsa. Tun 1973 ƙasar nan ta fara gwajin koyarwa da harshen gida a Damagaram, kuma a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. To idan ajin Hausa ya samu, da wace waƙa za a shiga? Tsorona shi ne a zauna a ofis a Yamai a fassara waƙoƙin Faransanci kalma da kalma, a ba mu Hausa mai ɗingishi irin waccan.

Iyaye da yawa na ɗari-ɗari da kiɗa a makaranta saboda addini, kuma ban raina damuwarsu ba. Sai dai abin da nake magana a kai murya ce da tafi, ba ganga ba ce ba garaya ba. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, da waƙe ta ilmantar da matan karkara: ta tsara, jajinta su haddace, su kai wa ƴan taru a ƙauyuka. Almajirai har gobe da waƙe suke riƙe ƙa'idojin nahawu da fiƙihu. Wace uwa ce a cikinmu ba ta ji ɗanta ya dawo daga Islamiyya yana rera abin da aka koya masa, alhali darasin lissafin jiya ya tashi daga kansa? Dabarar tana gidanmu. Lakwal ce kaɗai ta ajiye ta a bakin ƙofa.

Ba na cewa komi na Numan abin koyi ne. Hausar da ta haɗa Bachama da Mbula da Longuda da Chamba a benci ɗaya, ita ce kuma ta riƙa danne harsunansu, har akwai matasan da suka fi iya addu'a da Hausa bisa harshen kakanninsu. Wannan gargaɗi ne gare mu kai tsaye. A ajin Dakwaro ko Tanut akwai ɗan Bafillace, akwai ɗan Buzu, akwai ɗan Babarbare. Idan duk waƙoƙin shekara na Hausa ne, mun yi musu abin da Faransanci ya yi mana. Na kuma lura a manyan majami'un birni cewa tun da piyano mai lantarki da lasifika suka shigo, matasa biyar ke riƙe makirufo, sauran jama'a na komawa ƴan kallo, wato daidai abin da Luther ya tashi gyarawa. Mu ma haka muke yi ranar bikin ƙarshen shekara: a zaɓo ƴan mata shida masu zaƙin murya, ɗari uku na zaune cikin rana. Kuma waƙa ba ta hana ƙasar Numan ganin zubar da jini tsakanin manoma da makiyaya a ƙarshen 2017 ba. Kada a ɗora mata kayan da ba nata ba.

Abin da nake nema ƙarami ne. A makarantun horon malamai, kada ɗalibi ya fita sai ya tsara waƙoƙi aƙalla biyar da harshen yankin da za a tura shi, kan haruffa, ƙidaya, wanke hannu, kwanakin mako, ya kuma koyar da su a aji na gaske lokacin gwajin aiki, a ba shi maki a kai kamar yadda ake ba shi a lissafi. A firamare kuma a ware minti goma kowace safiya, aji gaba ɗaya, har mai muryar kwaɗo. Malamin da ya ce shi bai iya tsarawa ba, ga ƙungiyar iyaye mata ta AME nan a makarantu da yawa, wadda ba a tunawa da ita sai ranar shara ko ranar dafa wa baƙi abinci. Cikinsu akwai masu waƙar daka, masu waƙar niƙa, masu waƙar raino, waɗanda ba su taɓa zama a benci ba amma kunnensu ba ya kuskuren gaɓa. Darakta ya gayyace su yammacin Laraba, ya ba su haruffa biyar na makon da kalmomin da yake so yara su riƙe, ya bar su da tafinsu. Malamin aji ya zauna gefe da littafinsa ya rubuta abin da ya fito, ranar Alhamis da safe ya ɗora shi a kan allo.